Ruwan da Bai Ga Wuta Ba

Ni ba na doguwar magana da ɗana na fari. Ba faɗa muke yi ba. Haka na tarar ana yi, haka na yi: ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi yadda nake yi da ƙannensa ba. Na shiga makarantar manya ina da shekara arba'in da 'yan kai, na koyi karatu da rubutu, na zubar da abubuwa da yawa da na ga ba su da amfani, amma wannan kunyar ta ƙi fita. In ya kira waya daga Kano, gaisuwa ce kawai, sai in ce ga babanka, in miƙa.

A shekarar da nake ba da labari yana aikin saka tayil a gine-ginen da ake yi wajen Rijiyar Zaki. Ya samu wani babban aiki, irin wanda ba ya zuwa sau biyu, sai ya kira wata Juma'a da hantsi. Ina tsugune gaban murhu, busasshen kashin shanu nake turawa don kara ya kusa ƙarewa, hayaƙi ya cika mini ido da ƙirji. Ya ce, “Inna, ina so in yi wa gida abu guda mai amfani. Me ya fi damunki?”

Na ce, “Wuta.”

Ya ce, “Wuta ko?”

Na ce, “Ita. Ga babanka.”

Ni wutar murhu nake nufi, wadda na shekara talatin da wani abu ina hurawa. Shi kuma ya ji wutar lantarki, wadda turakunta suka tsaya a bakin titi ba su taɓa shigowa garinmu ba. Shi da babansa suka ɗora a kan haka, suka yi ta shawara a waya mako uku, ni ban sani ba.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce ai ƙauye ne, itace kyauta. Mu nan ba mu da daji. Gona ce ta jingina da gona, daga bayan katangarmu har Tsanyawa. In ka ga fili, to maƙabarta ce ko makaranta. Kowace bishiya da mai ita. Kara muke ƙonawa, na gero da na dawa, shi ma sai an raba da dabbobi da danga, kuma kafin ruwan farko ya sauka ya ƙare. A waɗannan shekarun da mai ya hau, kalanzir ya zama abin kallo, har mutanen birni masu gas suka dawo gawayi. Motoci suka fara shigowa garuruwanmu suna tambayar bishiya gida-gida.

Kuma ga 'yata, wadda aka aurar wani gari gaba da mu, tana da cikin fari. Haihuwar fari a gida ake yi, wankan jego a hannun uwa yake. Kwana arba'in, safe da yamma, kowane wanka rabin duro na ruwan zafi. A asibiti sun ce haihuwar za ta faɗo tsakiyar damina, lokacin da babu kara ko na kunna wuta. Itacen wanka a kan miji yake, haka ne, amma mijin nata malamin firamare ne da ya jingine babur ɗinsa ya koma tafiya a ƙasa. Na san iyakarsa amalanke ɗaya, in ya yi ƙoƙari. Amalanke ɗaya ba ya kai kwana goma.

Sauran kwana talatin ɗin, kowa a gidan ya san inda ake kallo. Ina da ɗorawa. A gonar mahaifina take. Da aka zo rabon gado na ce a sa mini ita cikin rabona, yayyena suka yi dariya suka bar mini. Kalwarta ce ta saya mini littattafan makaranta, ita ta yi wa 'ya'yana mata kwanuka. Da ina dafa daddawa, amma dafa kalwa cin itace gare shi, sai na koma sayar da ita ɗanya ranar kasuwa. A duniyar nan ita kaɗai ce abin da ba sai na tambayi kowa ba kafin in taɓa. Sau biyu a wannan ranin Malam, maigidana, ya ce, “Ɗorawar nan ita kaɗai za ta yi wankan har ta yi saura.”

Abin da ke raina daban ne. Ranar da na je duba yarinyar na raka ta awo, na ga wani abu a bayan ɗakin haihuwa: tanki a kwance kan ƙarfe, da bututun gilashi baƙaƙe a jere ƙarƙashinsa kamar haƙarƙari. Wata mai shara ta murɗa famfo, ruwa ya fito yana tururi. Na ce mata ina wutar take. Ta nuna mini sama. Tun daga ranar abin bai bar kaina ba. Da na ce wa ɗana “wuta,” shi nake gani a idona. Yadda zai san haka ne ban tsaya na tambayi kaina ba.

Sun iso wata Asabar cikin zafin bazara, a 'yar a-kori-kura, ɗan nawa da mai haɗa sola, wani mutum mai furfura a gemu da jakar ƙarafa. Na ji hayaniyar maza a ƙofar gida na leƙa ta zaure. Malam ya sa babbar riga. Abokan zamansa na ƙofar masallaci duk sun zo, ana sauke faifai biyu masu sheƙi, da batir, da fanka a kwali. Ashe ya riga ya gaya wa kowa. Har ya yi wa maƙwabta alkawarin caji, su huta da kai waya shago.

Mai solar ya shigo duba rufi, ya gaishe ni, ya ce, “Hajiya, an gode Allah, yau duhu ya ƙare.”

Na ce, “Ban je ba tukuna. Ba ni takardar nan in gani.”

Ya miƙo mini takardar kayan yana murmushi, irin na wanda ya ɗauka juya ta kawai zan yi. Ina karatu a hankali, amma ba na tsallake layi. Faifai. Batir. Waya. Ƙwan fitila huɗu. Fanka. Na kai ƙasa na dawo sama.

Na ce, “Wanne ne na ruwa?”

Ya ce, “Wane ruwa, Inna?”

“Ruwan zafi. Mai tanki da gilashi, irin na asibiti.”

Ya dubi ɗana, ɗana ya dubi babansa. Malam ya ce, “To ai ga wuta ta zo. Sai a sayo hita, irin wadda ake tsomawa a bokiti. An gama magana.”

Mutumin ya yi dariya, ya kama bakinsa. Ya ce, “Baba, wannan da na kawo na fitila ne da fanka da caji. In aka soka masa hita, kafin ruwan ya yi ɗumi batirin ya kwanta, ku ce na cuce ku. Mai ɗaukar hita sai an rufe rufin nan kaf da faifai.” Ya juyo wajena. “Rana ɗaya ce, Inna, amma aiki biyu ne. Wannan yana mai da ita lantarki. Wancan da kike faɗa babu ruwansa da lantarki, zafinta kawai yake kamawa ya zuba wa ruwa. Ko waya ɗaya ba zai caja ba. Ina da shi a shago. In kuna so in mayar da wannan in kawo shi, kuɗinsu kusan ɗaya ne. Amma ɗaya za ku ɗauka, abin da aka ba ni bai kai biyu ba.”

Sai ya ƙara wata magana, kuma ina shaidarsa ya faɗa: in hadari ya rufe sama kwana biyu uku, ɗumi kawai za a samu. Na ji. Na ajiye ta gefe, yadda mutum ke ajiye maganar da ba ya son ta ɓata masa hujja.

Aka jingine kayan a zaure, ya ce zai dawo bayan kwana uku a gaya masa abin da aka yanke.

Ba zan ce Malam ba shi da gaskiya ba. Idonsa ya fara rauni, da magariba ta yi ba ya iya duba Alƙur'aninsa sai ya kusanto da tocila har hancinsa na taɓa takarda. Zafin bazara yana hana shi sakat, ga hawan jini. Kuma mutum ne da bai taɓa riga kowa samun komai a garin ba, sai wannan karon. Da la'asar ya same ni a tsakar gida ina tankaɗe, ya tsaya a kaina.

Ya ce, “Wanka kwana arba'in ne. Fitila shekaru ce. Ki yi lissafi mana, ba ke ce mai boko ba?”

Na ce, “Ɗorawa ma shekaru ce. Ta girme ka.”

“Bishiya ce. Ana sara, ana dasa wata.”

“Dasa taka ka sare. Kuma wa ya ce maka kwana arba'in ne? Bayan wannan akwai ƙanwarta, akwai matan 'ya'yanka. Ruwan alwalarka na asuba da sanyi, wa ke ɗora shi? Ruwan wankanka? Ka taɓa tambayar inda yake fitowa, ko ka ɗauka buta ce ke haifar shi da ɗumi?”

Ya ce, “Na riga na gaya wa mutane.”

Na ce, “Ni ba ka gaya mini ba.”

“Ai ke kika ce wuta. Da bakinki. Ina tsaye.”

Nan ya kama ni, don haka ne. Na ci gaba da tankaɗe kamar garin ne ya yi mini laifi.

Washegari da safe, kafin ɗana ya koma Kano, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ce, “Kai, zo nan.” Ya zo ya tsuguna a ƙofar madafa, mutum mai mata da 'ya'ya biyu, yana kallon ƙasa. Ni kuma ina kallon murhu. A haka na yi masa magana, ban juyo ba. Na gaya masa yawan itacen da wanka ɗaya ke ci. Na gaya masa tarin da nake yi da asuba ba mura ba ce. Na gaya masa lokacin da na haife shi bishiya biyu aka sare, ba wanda ya damu, don a lokacin akwai su. Na ce ban raina abin da ya kawo ba, Allah ya yi masa albarka, amma in aka kafa shi, ɗorawata za a sare, kuma zan zauna ƙarƙashin fanka ina kallon kututturenta a raina.

Sannan ya ce, “Inna, da kin faɗa.”

“Na faɗa.”

“Kalma ɗaya kika faɗa.”

Na ce, “To yau ka ji saura. Tashi kar mota ta wuce ka.”

Ya ce shi ba zai shiga tsakaninmu ba, abin da muka daidaita a kai shi za a yi. Wayo ne irin na ɗan fari, ya bar mini babansa.

Abin da ya karya Malam ba hujjata ba ce. Yayarsa ce. Tsohuwa ce mai ƙarfin hali, tana zaune a unguwar gabas, kuma duk mai jego a danginsu ita ke mata wanka; mu matan gidan, Yaya muke ce mata, yara su ce Gwaggo. Malam yana da furfura amma har yau in ta ɗaga murya sai ya nemi hularsa. A rana ta uku na ce masa, “Ɗorawa gadona ce, ka tambayi liman in kana shakka, kuma ba za a sare ta ba. In ka zaɓi fitila, na yarda. Amma kai za ka je ka gaya wa Yaya cewa 'yarka za ta yi jego babu ruwan zafi, ga fanka a madadi.”

Ya ce, “A kawo mata tankinta.” Ya fita.

Da mai solar ya dawo, aka fitar da faifan nan ta gaban mutanen da suka taya sauke su. Ina jin wani yana cewa, “Malam, ashe wutar baƙuwa ce, kwana uku ta yi?” Aka yi dariya. Malam ma ya yi, irin wadda ba ta wuce haƙori. Ya yi mako yana cin abincina ba ya ce mini sannu. Daga baya ɗan ya aiko masa da 'yar fitila mai faifai kamar tafin hannu, wadda ake shanyawa a rana. Ya karɓa ya ce, “An aiko mini da gaisuwar mutuwa.” Amma da ita yake karatu har yau.

Tankin bai hau rufi ba, mutumin ya ce azararmu ba za ta ɗauki nauyinsa ba. A bayan ɗakina aka kafa shi kan ƙafafun ƙarfe, yana kallon kudu. Kuma mu ba mu da famfo, rijiya gare mu. Sai aka haɗa masa tsani mai taki biyar, ana hawa da bokiti a zuba ta sama. Wannan ba wanda ya gaya mini a asibiti. Kullum da safe in ja guga, in hau, in zuba, in sauko, sau takwas, gwiwata tana ƙara. An raba ni da hayaƙi an haɗa ni da tsani. Amma ranar farko da na murɗa famfon da la'asar ruwan ya ƙona mini yatsa, na tsaya ina kallon yatsan kamar wani ya ba ni kyauta.

Yarinyar ta zo gida da ciki wata bakwai. Ta haihu lafiya a asibiti, mace, gero ya kai ƙugu. Mijin ya kawo amalankensa ɗaya kamar yadda na zata, yana ta ba da haƙuri. Na lissafa: da yamma ruwan tanki ya ishe mu, da safe kuma yana kwana da sauran zafi, 'yan itace biyu uku za su tashe shi. A haka amalanke ɗaya zai kai mu.

Ranar da aka sallamo ta, da la'asar, Yaya ta iso da damin ganyen darbejiya a ka. Ta shiga bayan ɗaki inda ake ɗora tukunyar wanka, ta ga duwatsun murhu a sanyaye. Ta ce, “Malama,” haka take kirana tun da na shiga makaranta, “ba a ɗora ruwa ba har yanzu? Ko sai an duba littafi?”

Na tara rabin duro a famfon na cika shi, yana tururi. Na ce, “Ga shi, Yaya.”

Ta tsoma yatsa ta fizge. Ta sake tsomawa. Ta dubi tankin, ta dubi ruwan.

Ta ce, “A ina ya tafasa?”

“Bai tafasa ba. Rana ce ta dafa shi.”

“To ba zan taɓa 'yar ƙanena da shi ba. Ruwan da bai ga wuta ba ba ya korar sanyi. Zafin rana ai zazzaɓi ne, shi za ki zuba mata a jiki? Ku ɗora tukunya.”

Na ce, “Yanzu ya ƙone ki.”

“Barkono ma yana ƙuna. Ana wanka da shi?”

Ni a raina ma na fi son ruwan da bai tafasa ba. Ma'aikaciyar asibiti ta ja mana kunne kada a saɓule wa yarinya fata da tafasasshen ruwa, kada a cika mata kanwa a kunu, ta ce suna ganin masu jego da kumburi da ciwon zuciya. Ni kaina akwai tabon wankan fari a bayana har yau. Amma in na kawo maganar asibiti, Yaya za ta ɗauki ganyenta ta tafi, gobe gari ya ɗauka cewa na hana 'yata wanka. In kuma na ɗora tukunya safe da yamma, itacen ya ƙare a mako guda, mu koma kan ɗorawa, ga tanki a tsaye yana mana dariya. Malam yana zaure, na san yana ji.

Yarinyar na zaune kan kujera 'yar tsuguno, ta rufa da zane, tana kallonmu da idon wanda bai yi barci ba.

Na juya na shiga madafa. Akwai sauran garwashi a murhun da na dama kunu. Na ɗebo guda da ludayin ƙarfe, ja wur, na kawo na jefa cikin ruwan. Ya yi cuu, ya taso baƙi yana yawo a sama.

Na ce, “Ga shi ya gani.”

Yaya ta tsaya tana kallon gawayin. Na shirya wa zagi. Yarinyar ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa, ban sani ba dariya ce ko kuka.

Can Yaya ta ce, “Wannan ɗan mitsitsin? Ruwa rabin duro? Ƙaro biyu.”

Na ƙaro biyu. Ta yi bismilla, ta tsame su da hannunta, ta tsoma ganye. Daga ranar haka aka yi ta yi: garwashi uku a kowane wanka, kuma ita ke zaɓar su, don ta ce ni ina ɗebo marasa ƙarfi. Ban taɓa tambayarta ko ta yarda da gaske ba ne, ko ita ma ta gaji da tsayuwa cikin hayaƙi, ƙofa kawai take nema. Ita ma ba ta faɗa ba.

Mun yi kwana ashirin da uku a haka lafiya. Sai marka ta sauka.

Ba ruwa mai ƙarfi ba, irin mai yayyafi da ba ya ɗaukewa. Sama ta yi fari fat, ba a sanin hantsi daga la'asar. Rana ta farko ruwan tanki ya fito da zafinsa. Ta biyu, ɗumi. Ta uku na murɗa famfon na sa hannu, kamar ruwan randa da aka manta a waje. Yaya ta taɓa ta ce, “Wannan ko murhun gaba ɗaya kika juye masa ba zai yi zafi ba.” Ban yi musu ba. Yarinyar tana rawar ɗari, ɗakin ya yi laima, jaririya na atishawa. Muka koma tukunya safe da yamma, sauran itacen mijin ya tafi a kwana biyu.

Malam ya wuce ni ina tsaye gaban tankin da bokiti, ya ɗaga kai ya dubi sama. Ya ce, “Ma'aikaciyar taki ta tafi ganin gida?” Bai jira amsa ba.

Na ƙona dangar da ta raba madafa da awaki. Na ƙona tsohon turmin da ya tsage. Na fasa wata kujera da ƙafarta ta karye. A rana ta shida na duba gidan babu sauran abin da zan ƙona wanda ba za a yi faɗa a kai ba, kuma saura kwana goma sha ɗaya. Sama ko alamar buɗewa babu.

Ni da kaina na yafa buhu a ka na tafi wajen mai itace na bakin titi. Ɗanyen itace ba ya ci a marka, don haka musaya yake yi: ya ba ka busasshe daga rumfarsa, ya sare ɗanye ya ajiye wa rani. Ya san ɗorawar, ya daɗe yana zagaya ta.

Ya ce, “Inna, ki ba ni ita duka, in cika miki gida har baɗi.”

Na ce, “Reshe ɗaya.”

“Reshe ɗaya ai wahalar hawa ce kawai. Biyu.”

“Ɗaya. Wanda ya leƙa kan burtali, don kar ya faɗa wa geron yayana. In ba ka so, akwai mai itace a Tsanyawa.”

Babu wani mai itace da na sani a Tsanyawa, kuma ba ni da ƙafar zuwa. Ya ɗauki gatarinsa.

Na bi shi har gonar, na tsaya a gindinta cikin yayyafi, don na san in na juya baya gatari zai zame ya taɓa na kusa. Reshen ya fi cinyar bijimi kauri, shi ne mai yawan 'ya'ya don ya fi samun rana. Ya daɗe yana sara. Da ya faɗo ƙasa ta amsa, na ji a tafin ƙafata. Na sa shi ya sake hawa ya shafe wurin da laka, yana gunaguni yana cewa bishiya ba mutum ba ce. Da la'asar ya turo amalanken busasshen itace har ƙofar gida.

Bayan kwana biyu rana ta fito. Tankin ya koma ƙona yatsa kamar ba shi ba. Rabin itacen ma bai ƙonu ba har aka yi arba'in. Da na san haka da na jure kwana biyun, ko in roƙi maƙwabta. Na yi ta juya wannan a raina har na gaji na bari. Ba a nuna wa mutum sama kafin lokaci.

Yarinyar ta koma ɗakinta da ƙiba, fatarta lafiya, babu tabo ko ɗaya. Ɗorawar tana nan tsaye, gefe ɗaya a buɗe, kalwar da take bayarwa ta ragu, amma tana bayarwa. Gidanmu har yau babu lantarki. Malam yana alwala da ruwan ɗumi kowace asuba, bai taɓa cewa komai a kai ba, ni ma ban taɓa tuna masa ba. Gwiwar hagu ce ta fara ƙin tsanin, yanzu sai na huta a taki na uku.

Bara aka aiko cewa matar ɗana na biyu tana da ciki, kuma uwarta ta rasu, a hannuna za ta yi wanka. Mai kawo saƙon tana jiran in yi guɗa. Ni kuwa na tsaya ina lanƙwasa yatsu, ina bin watanni ɗaya bayan ɗaya in ga inda zai faɗo. Ya faɗo tsakiyar bazara. Sannan na ce Allah ya raba lafiya.